Yadda mai masana'anta zai sa ma'aikatansa su riƙa bin dokar kare kai a wurin aiki

Duk wanda ya san masana'antun Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano, ko na Kakuri a Kaduna, ya san abinda zan faɗa. A bakin get zaka tarar da ƙaton allo an rubuta ba a shiga sai da hular kwano da takalmin aiki, amma kana shiga ciki sai kaga yaro yana tura roba cikin injin niƙa da hannu tsirara, wani yana walda ba tabarau, wani da silifas a gefen kemikal. In ka tambayi manaja sai yace yaran ne basa jin magana, an basu kaya sun ƙi sawa. Akwai masu taurin kai, gaskiya ne, amma in ɓera da sata daddawa ma da wari. Ma'aikaci ba allon bango yake kallo ba, oga yake kallo: me oga yake yi da kansa, me yake tambaya in ya shigo, a kan me yake faɗa, a kan me yake ƙara kuɗi. Don haka wannan bayanin na masu kamfani ne da manajoji da sufabaiza, kuma zan bi shi mataki mataki yadda mutum zai iya farawa ko gobe da safe.

Mataki na farko daga jikinka zaka fara, ranka ya daɗe. Duk ranar da zaka shiga inda injina suke ka saka abinda kace kowa ya saka, hula, takalmi, abin toshe kunne in wurin ƙara ne, ko da minti biyu zaka yi. Baƙonka ma haka, ko Alhajin da ya zo sayen kaya ko jami'in banki, a ajiye masu nasu a ofishin bakin ƙofa. Ranar da ma'aikata suka ga ka ratsa tsakiyar injina da babbar riga kana waya, ranar dokar ta mutu a wurinsu ko ba wanda ya furta. Sannan ka canza tambayar da kake fara yi da safe. Galibin ogogi tambayarsu ta farko ita ce buhu nawa aka fitar jiya, to kai ka fara da: akwai wanda ya ji ciwo jiya? akwai injin da yake ba da matsala? bayan nan sai azo kan lissafi. Abin kamar ƙarami ne amma sufabaiza yana shirya amsar tambayar da ya san za a fara yi masa, kuma abinda yake shirya amsarsa shi yake sa wa ido.

Akwai misali sananne a Amurka. A 1987 aka naɗa Paul O'Neill shugaban kamfanin alminiyam na Alcoa, sai ya sa lafiyar ma'aikata ta zama magana ta ɗaya a kamfanin, ya kafa doka cewa duk inda ma'aikaci ya ji rauni dole shugaban sashen ya sanar da shi cikin awa 24 tare da bayanin yadda za a hana sake faruwarsa. Ka duba abinda wannan dokar take jawowa: kafin labari ya isa wurin babban oga a kwana ɗaya dole manaja ya kasance yana jin sufabaiza, sufabaiza yana jin na ƙasa, ba halin ɓoyewa. Raunuka sun ragu sosai a zamaninsa kuma kamfanin bai karye ba, riba ma ƙaruwa tayi. Kai ma zaka iya kafa wannan dokar yau, bata cin ko sisi.

Mataki na biyu, ka zagaya masana'antar da ƙafa kai da mutum biyu ko uku cikin waɗanda suke kan injin, ba 'yan ofis ba, da littafi a hannu. A kowane wuri tambaya ɗaya ce: me zai iya kashe mutum ko yanke masa hannu a nan? Kada ka cika su da bayani, kai dai kayi shiru ka rubuta. Da farko zasu noƙe su ce ba komai yallaɓai, to ka tambaye su wane injin ne suke jin tsoro, wa ya taɓa tsallake rijiya da baya a ina. Kuma dan Allah ka sake yin zagayen da dare, don masana'antar dare daban take da ta rana, ba manaja, fitilu sun mutu a wasu lungunan, mutane ga barci, kuma a lokacin ake yawan cire murfin inji don a yi sauri.

Abubuwan da zaka tarar sun danganta da sana'ar. A kamfanin roba injin niƙa yana cikin masu cin yatsu. A kamfanin shinkafa da na mai akwai bel da ke juyawa ba murfi, ga ƙura, ga tukunyar tururi. A wurin jimar fata kuwa akwai abinda mutane da yawa basu ɗauka da zafi ba, wato ramin ruwan datti, yana tara wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in tayi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya mutum ya ɗauka ta tafi, ya shiga ya yanke jiki ya faɗi, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Irin wannan ramin ko tanki ba wanda zai shiga sai an auna iskar ciki, an busa iska mai kyau, da igiya a jikinsa da mutum tsaye a waje. Janareta kuma hayaƙinsa ya fita waje can nesa da inda mutane ke aiki ko kwana, don iskar da take kisa a cikinsa bata da wari. In ka gama rubutawa sai ka jera su, mai kisa a sama, mai nakasa a biye, ƙananan a ƙasa, kowanne ka rubuta sunan wanda zai gyara da ranar da za a gama.

Mataki na uku shi ne inda ake yawan juya abin baibai. Da an ce kare lafiya sai oga ya aika kasuwa a sayo safar hannu da takunkumi a raba, shikenan an gama. Ai kayan sawa su ne na ƙarshe a jeri. Abu na farko shi ne ka duba ko za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya, ko a canza kemikal mai guba da wanda bai kai shi ba, in hakan bai yiwu ba sai a raba mutum da haɗarin: a yi wa bel da sarƙa da haƙoran inji murfin ƙarfe, a tsawaita bakin injin niƙa yadda hannu ba zai kai wuƙaƙen ba, a sa maɓallin kashewa na gaggawa inda mai aiki zai kai hannu ba sai ya zagaya ba, a sa fanka mai zuƙe ƙura. Mai walda na unguwa ma zai iya haɗa maka murfi da raga. Dokar masana'antu ta Najeriya, wadda aka yi a 1987, dama ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, ba alfarma bace kake yi.

Wani abu a nan da ya kamata kowa ya sani, safar hannu a gefen abin da ke juyawa ita kanta haɗari ce, in ƙarfen ya kama bakinta da hannun zai tafi. Haka kaftani mai faɗin hannu, da carbi ko zobe, da mayafi ko hijabi mai tsawo ga mata masu aiki kusa da bel. Ba korar matan za a yi ba kuma ba hana su sutura za a yi ba, a ɗinka masu gajeren hijabi mai kama jiki da rigar aiki a sama, kamfani ya biya.

Sai maganar gyaran inji. Duk lokacin da makaniki ko mai shara zai sa hannu cikin inji, a kashe wutarsa daga babban suwic, a sa kwaɗo, makullin ya shiga aljihun shi mai gyaran, a rataya kwali da sunansa, sannan a danna maɓallin kunnawa a tabbatar da gaske ya mutu. In mutum uku ne ke gyaran kwaɗo uku za a sa. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu saboda yadda wuta take, an ɗauke NEPA inji ya tsaya yaro ya zura hannu zai ciro abinda ya maƙale, can a baya wani ya tada janareta bai san da shi ba. Cewa ai na gaya wa wane kar ya kunna ba tsari bane, wane zai iya fita sallah wani ya karɓe shi.

Mataki na huɗu kuɗi ne, kuma a nan ake gane ko oga da gaske yake. Ka ware kaso na musamman duk wata na kayan kariya da gyara, akanta ya san da shi, kada ya zama sai sufabaiza ya bi ofis uku da takarda kafin a sayi gilashin walda. Kayan kyauta ake bayarwa, ba a cirewa a albashi, kuma in ya tsufa a canza ba tare da tsawa ba, don in mutum ya san za a zage shi ko a yanke masa kuɗi kan safar da ta yage to ajiye ta zai yi a loka yana tattalinta ya ci gaba da aiki da hannu. Ka sayo daidai ƙafa da daidai hannu, takalmi lamba 45 ga yaro mai sa 40 ba zai saka ba. Ka tuna da zafin Kano a watan Maris zuwa Mayu da yake haura digiri 40, a ƙarƙashin kwano kuma ga zafin inji, in rigar aikin mai kauri ce kamar buhu cire ta za a yi. Ka kawo samfuri biyu ko uku su gwada su zaɓa. A sa ruwan sha mai sanyi kusa, a ba da hutu a inuwa, da azumi kuma a mayar da aiki mai nauyi zuwa safiya ko bayan shan ruwa. Maganar ƙara, in sai ka ɗaga murya sosai kafin na kusa da kai ya ji ka to wurin yana buƙatar abin toshe kunne, ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne desibel 85 a aikin awa 8, kuma jin da ƙara ta kashe baya dawowa.

Mataki na biyar shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya, wato taget, adadin kayan da ake cewa dole a fitar, da sufabaiza. Kana iya yin duk na sama amma in kana biyan ma'aikaci da yawan abinda ya fitar, kana kuma auna sufabaiza da yawan buhu kawai, to ka riga ka gaya masu abinda kake so, kuma shi zasu bi. Murfin inji yana rage sauri, kashe inji a sa kwaɗo yana cin minti goma, yaron da ke neman cika adadinsa kafin a tashi ba zai yi ba, shi ma sufabaizan kau da kai zai yi don shi ma ana jiransa da lissafi. Don haka ka zauna ka lissafa taget ɗin da za a iya kaiwa da murfi a rufe da hutu a ciki, shi ne taget na gaskiya. Lokacin da inji ya tsaya don gyara a biya ma'aikaci kuɗinsa. Obataim ma a sa masa iyaka, wanda ya yi awa goma sha biyu a tsaye aka ce ya zarce hannunsa da idonsa ba ɗaya suke da na safe ba.

Sannan ka tara kowa ka faɗa da bakinka cewa duk wanda ya ga haɗari yana da ikon tsayar da aiki, ko ɗan kashuwal ne, wato ma'aikacin wucin gadi, da ya fara jiya, ba za a kore shi ba ba za a yanke masa ba. Faɗar ba wuya, gwajin yana zuwa ne ranar da mota take tsaye a waje tana jiran lodi, kwastoma yana ta kira, sai wani yaro ya kashe inji yace waya tana tartsatsi. Abinda ka yi masa a ranar shi ne ainihin dokar kamfaninka, in ka gode masa a gaban mutane kowa ya gani, in ka daka masa tsawa kowa ya gani. A Bangaladash ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta ya kashe mutum 1,134, galibinsu masu ɗinka tufafi. Kwana ɗaya kafin nan an ga bango ya tsage, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka matsa wa ma'aikatan ɗinki su koma ciki. Sun ga tsagewar da idonsu, ba rashin sani bane ya kashe su, ba su da bakin cewa a'a ne.

Ka yi hankali da kyautar da ake cewa sashen da ya yi wata uku ba haɗari za a ba shi kuɗi, tana da kyau a ji amma abinda take haifarwa shi ne ɓoye rauni, mutum ya yanke sai abokansa su ɗaure masa da tsumma su ce yayi shiru kar ya ja masu asara. Gara ka ba da kyautar ga wanda ya kawo rahoton haɗari kafin ya faru, ko sashen da ya gama gyare-gyaren da aka rubuta masa.

Mataki na shida, ka buɗe hanyar kawo rahoto. Littafi ɗaya a bakin ƙofa, ko lambar waya da za a iya turo saƙon murya ta WhatsApp, don ba kowa ne zai iya rubutu ba. Abinda kake nema musamman shi ne na saura ƙiris: buhu ya faɗo bai samu kowa ba, wuta ta ja mutum kaɗan, motar ɗaukar kaya ta kusa take wani. Kowane rahoto a amsa shi cikin kwana biyu ko uku, ko da amsar ita ce mun gani, kayan gyaran sai sati mai zuwa, kafin nan an rufe injin. In aka kawo sau biyu ba a ga komai ba ba za a kawo na uku ba. Ka kafa ɗan kwamiti da ma'aikata suka zaɓi wakilansu da kansu, da mace a ciki in akwai mata, da ɗan aikin dare, da wakilin ƙungiyar ƙwadago in akwai, su zauna duk wata kuma kai ma ka riƙa zama da su. Ma'aunin ISO 45001, wato tsarin ƙasa da ƙasa na kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, da ya fito a 2018 ma a kan wannan ya kafu, jagorancin shugabanni da sa bakin ma'aikata.

Na bakwai horo. Da Hausa za a yi ko duk yaren da mutum yake ji, a gaban injin, a nuna masa sannan shi ma ya yi a gani. Sabon shiga kar a barshi shi kaɗai a inji, a haɗa shi da tsohon hannu mai natsuwa. 'Yan kashuwal da na ɗan kwangila su ne aka fi tura wa aiki mai haɗari kuma su ne ba a horarwa, to inji bai san waye ke da takardar ɗaukar aiki ba, abinda aka ba na dindindin a basu. Kullum kafin a fara aiki minti biyar sun isa sufabaiza ya yi magana kan abu ɗaya tak.

Na takwas gobara, kuma magana ɗaya ce babba: kada ka taɓa kulle ƙofa da mutane a ciki. Na san dalilin da ake bayarwa, wai tsoron sata da dare. A watan Satumba 2002 gobara ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, gomman ma'aikatan dare suka mutu, kuma rahotanni sun nuna ƙofofin a kulle suke. In sata kake tsoro ka sa mai gadi da kyamara da ƙofar da ake turawa daga ciki ta buɗe. Hanyar fita kar a jibge kaya a kanta, tukwanen kashe gobara a duba kwanan watansu a koya wa kowane rukuni amfani da su, a san ba a watsa ruwa kan wutar lantarki ko ta mai. A yi atisayen fita har da 'yan dare, a tsayar da wurin taruwa a ƙirga mutane, lambar 'yan kwana-kwana a bango da wayar mai gadi.

In duk da haka abu ya faru, wanda ya ji ciwo ake fara dubawa. Akwatin taimakon gaggawa da wanda ya iya aiki da shi a kowane rukuni, mota da direba da aka san su tun kafin ranar, asibitin da za a nufa an sani, in karaya ce ko yankewar gaɓa a Kano akwai asibitin ƙashi na Dala. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar NSITF mai kula da asusun diyyar ma'aikata, daga aljihun kamfani ba daga albashin ma'aikaci ba, in ma'aikaci ya ji rauni ya sanar da kai cikin kwana 14, kai kuma ka kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7. Dokar masana'antu ma tace haɗarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku a sanar da sufeton ma'aikatar ƙwadago. Kada a sallami mutum da 'yan kuɗi a leda a ce Allah ya kiyaye gaba, sauran ma'aikata suna kallon yadda aka yi da shi kuma da shi suke auna darajarsu a wurinka. Wurin bincike kar a tsaya kan laifin wa, a tambayi me yasa murfin baya wurin, tun yaushe, wa ya sani, me ya hana a mayar. Za a ce maka tsautsayi ne baya wuce ranarsa, mun yarda da ƙaddara, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah.

Hukunci yana da wurinsa amma bayan ka sauke naka. Wanda aka ba kaya daidai shi, aka horar, aka ba lokaci, ya cire murfin inji da gangan, a ja masa kunne, ya sake a bashi takarda, ya sake a dakatar da shi. Sharaɗin kawai ya hau kan kowa daidai, har da ɗan ƙanwar Alhaji da ke sito da sufabaizan da ya fi kowa kawo buhu, sufabaizan da ya ga ana karya doka ya yi shiru ma nasa ya fi na yaron nauyi.

Kai kuma sufabaiza ko manaja da mai kamfaninka bai riga ya yarda ba, kar ka jira shi. Kwaɗo, gyara hanyar fita, maganar minti biyar da littafin rahoto duk suna hannunka. Sauran masu cin kuɗi ka kai masa a rubuce da lissafi: nawa murfin zai ci, nawa aka kashe a asibiti wancan karon, kwana nawa inji ya tsaya, kaya nawa aka kasa kaiwa. Ka sa kwanan wata ka ajiye kwafi, in ƙarshen wata ya yi ba amsa ka sake kaiwa tare da sababbin rahotannin da suka shigo littafin.